Ko Askirim Ɗin Ne, Ko Hannunsa

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Abba ya yanke hukunci, kuma bai ɗaga murya ba ranar da ya yanke shi. Da faɗa ya yi, da Auta ta sa rai, domin faɗan Abba ba ya kwana. Amma a bakin gadon asibiti ya zauna, ya riƙe hannunta da aka sa wa ƙarin ruwa, ya yi magana a hankali.

"Auta, yaron nan ba mugu ba ne. Amma ba zan ba shi ke ba."

Auta ta juya fuskarta ga bango.

Duk wanda ya san gidan ya san dalilin Abba. Shekara biyu cur Auta ta yi tana ramewa a gabansa, ciki na murɗa mata, ana yawo da ita daga wannan asibiti zuwa wancan, kafin a gano cewa jikinta ne ba ya karɓar gulutin, wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir. Ko ɓurɓushinsa ya shiga bakinta sai ta kwanta. Ranar da aka gano, Abba ya rufe shagonsa na gyaran agogo da rana tsaka, ya dawo gida ya kwashe tukwane da katakon yanka da cokulan katako ya rabar, ya sayo sababbi. Mutumin da ba ya shan shayi sai da burodi, tun daga ranar bai ƙara kai burodi bakinsa ba. Tun rasuwar mahaifiyarsu shi ne uwa shi ne uba, kuma duk abin da zai shigo kicin ɗin nan sai ya sa gilashin gyaran agogo a ido ya karance rubutun jikinsa tsaf.

Sai ga shi duk samarin da ke duniya, Auta ba ta ga wanda ya kwanta mata ba sai mai gidan burodi.

Farin Gira take ce masa, don ranar da ta fara ganinsa garin fulawa ya yi masa fari a gira kamar tsoho. Gidan burodin na marigayi mahaifinsa ne, shi ke riƙe da shi, shi ke kwaɓi, shi ke tsaye a bakin tanda.

Kuma shi ne ya kawo mata askirim ɗin. Mai sanda ne, irin wanda ake lulluɓewa da cakulan, wanda ta taɓa gaya masa rabonta da shi shekara huɗu. Sau uku ya karanta rubutun fatarsa, ita ma ta karanta sau biyu, ba su ga sunan alkama ba. Ta sha tana lumshe ido. Kafin gari ya waye tana asibiti.

Yanzu ta dawo gida, ta fara murmurewa, amma wayarta na aljihun Abba.

Tana kwance a doguwar kujerar falo Yaya ta shigo da makullin mota a hannu. Yaya ita ce babbarsu, tana aure a wata unguwa, amma tun da ciwon nan ya tashi kullum sai ta leƙo.

"Tashi ki sa mayafi, ki raka ni kanti."

"Yaya, ba na jin fita."

"Ni ma ba jin fitar nake ba. Tashi dai. Kin kwanta har kujerar ta ɗauki siffarki."

Abba na zaune a teburinsa na gefen taga, ya buɗe cikin wani agogon bango. Bai ɗago ba ya ce, "Kada ku daɗe. Likita zai zo da la'asar."

Auta ta kau da kai, kamar yadda take yi duk lokacin da aka ambaci sunan.

Likita ɗan aminin Abba ne, kuma shi ne mutumin da ya fara cewa a gwada ta a kan alkama lokacin da kowa ya rasa ta cewa. Abba bai manta masa wannan ba, ita ma ba ta manta ba. Mutum ne mai kirki, mai tsafta, ba ya makara. Sai dai duk zuwan da zai yi da takarda yake zuwa, an buga jerin abubuwan da ba za ta ci ba, kuma kowane zuwa jerin ƙaruwa yake. Ranar Asabar mai zuwa mahaifinsa zai zo su zauna da Abba a kan maganarta.

Sai da suka hau titi Yaya ta dube ta ta gefen ido.

"Kin san wanda ya kira ni sau tara jiya?"

Auta ta miƙe zaune.

"Kwantar da hankalinki, kada ki fasa mini gilashi. Ya ce tun ranar da aka kwantar da ke yake bin kamfanin da ke yin askirim ɗin. Ya rubuta musu, ya kira, har ya je ƙofarsu da ƙafarsa. Ashe ya ajiye fatar wanda kika sha. Akwai wata lamba a jiki da ke nuna ranar da aka yi shi da injin da ya fito. Sun ce suna ajiye samfurin kowane rukuni, za su gwada. Yau ƙarfe uku za su kira shi."

"To me za su ce?"

"Ina zan sani? In sun ce akwai gulutin a ciki, to laifin askirim ne, muna da abin gaya wa Abba. In kuma sun ce babu..."

Yaya ba ta ƙarasa ba. Ba ta ma bukatar ƙarasawa. In babu a askirim, to daga jikinsa ya fito.

Auta ta jingina kai da gilashi. Shekara huɗu tana addu'a kada a sami alkama a cikin abin da take so. Yau ce rana ta farko da ta ji bakinta na roƙon Allah Ya sa a samu.

A can ƙarshen kantin suka sami Farin Gira, gaban dogayen firiza masu ƙofar gilashi. Ya ba su baya, ya ɗauko wani kwali ya kai shi daf da hancinsa yana karanta ƙananan rubutun gefe. A ɗaya hannun akwai ɗan littafi da ya sha lanƙwasa. Rigar jikinsa sabuwa ce, har layin ninkin leda bai baje ba.

Da ya juyo ya gan ta sai kwalin ya kusa suɓuce masa.

"Kin rame," ya ce.

"Kai ma."

"Ni ai da ma ba ni da wani jikin."

Ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga dariyar fitowa. Ya yi taku ɗaya zai matso, sai ya tsaya, ya mayar da hannuwansa baya kamar ɗalibi a gaban malami. Wannan tsayuwar ta fi komai yi mata ciwo.

"Na yi wanka sau biyu," ya ce. "Rigar ma yanzu na cire ta daga leda. Amma dai bari in tsaya a nan."

Yaya ta karɓi littafin daga hannunsa ta buɗe. "Wannan kuma mene ne? Jarrabawa za ka rubuta?"

"Askirim ne, Yaya. Duk mai cakulan da ake sayarwa a kantunan da na sani. Iri ashirin da shida." Ya nuna da yatsa daga nesa. "Waɗanda na ja wa layi ja, akwai garin biskit a cikin cakulan ɗinsu, ko ba a ganinsa da ido. Waɗannan kuma suna sa tsiron sha'ir don ƙamshi, kuma ba za ki ga kalmar alkama a jiki ba, sai kin san sunan da suke ɓoye shi da shi. Masu alamar tambaya, su kansu ba komai a cikinsu, amma inji ɗaya suke bi da masu biskit. Guda biyar ne kawai ban sami abin zargi ba."

"Wanda ta sha fa?"

"Yana cikin biyar ɗin." Ya sunkuyar da kai. "Amma rubutu daban, gwaji daban. Wataƙila an yi kuskure a ranar. Ana yi."

Yaya ta dubi agogo. "Saura minti goma. Mu je mota, nan sanyi zai kama ta."

Kafin su fita ya ɗauki kwali ɗaya na irin wanda Auta ta sha, ya sa mai kanti ya saka masa a jakar ƙanƙara. Bai ce don me ba.

A wajen ajiye motoci Auta ta zauna a gaba, ta sauke gilashi. Yaya ta ce ya shiga baya, ya ƙi. A waje ya tsaya cikin rana, ya ɗora wayarsa a kan rufin motar.

Uku ta wuce da minti huɗu wayar ta yi ƙara. Ya buɗe muryar yadda duk za su ji.

Mace ce, mai sanyin murya. Ta gaishe shi, ta tambayi mai jiki, sannan ta karanto lambar da ya ba su, ya ce ita ce.

"Mun ɗauko samfurin wannan rukuni mun kai ɗakin gwaji, an gwada cikin daban, cakulan ɗin daban. Ba a sami gulutin ba. Wannan irin injinsa daban ne, ɗakinsa ma daban, ba a shiga da biskit wajen. Cakulan ɗin babu sha'ir a cikinsa. Da yake ka matsa, mun sake aikawa wani ɗakin gwajin da ba namu ba, shi ma haka ya ce. Za mu turo maka takardun yanzu. Ka gaya mata ta sha da kwanciyar hankali."

"Na gode," ya ce. "Kun kyauta."

Wayar ta katse. Can Yaya ta buɗe ƙofa ta fita.

"Na manta ban sayi sabulu ba. Ina kallon ku ta gilashin kantin, ku sani."

Auta ta bi ta da ido har ta shige, sannan ta juyo gare shi.

"Ka share takardun in sun turo."

"Auta."

"Ka share. Mu ce wa Abba sun ce ba su da tabbas. Ka ce inji ɗaya ne da masu biskit. Kai da kanka ka ce ana yin kuskure."

"Ana yi. Amma ba su suka yi ba."

"Wa ya sani? Ni ce, sai kai, sai Yaya. Yaya ba za ta faɗa ba."

Ya durƙusa a gefen motar har fuskarsa ta zo daidai da tata. Idanunsa sun yi ja.

"Kin tuna lokacin da na ɓare miki shi? Cakulan ɗin ya tsage, wani ɓari ya faɗo a tafin hannuna."

Ta kau da kai.

"Na ɗauka da yatsuna na miƙa miki. Kika ce ai nan ne ya fi daɗi. Daga gidan burodi na taho ranar, Auta. Na wanke hannu, amma sauri nake kada ya narke, ban sake riga ba. Kwana goma sha ɗaya ina ganin ɓarin nan in na rufe ido."

"Na tuna," ta ce. "Tun ina gadon asibiti na tuna. Abba ya tambaye ni ko ka taɓa shi da hannu, na ce a'a."

Ta juyo ta dube shi.

"Na yi wa Abba ƙarya saboda kai. Ban taɓa yi masa ba tun da na yi wayo. Kai ba za ka iya yin guda ɗaya saboda ni ba?"

"Zan iya yin abubuwa da yawa saboda ke."

"To ka yi wannan. Asabar fa za su zo. Ka san Abba, in ya yi wa mutum alkawari ya gama. Kana so ka ji an ce an ba Likita ni? In zauna a gidan da za a manna mini takarda a ƙofar firiji, kada ki ci wannan, kada ki taɓa wancan? Shi ciwona yake gani in ya kalle ni. Kai kaɗai ne ka taɓa tambayata me nake marmari."

Kuka ya ci ƙarfinta. Ta kifa kai a kan hannunta a bakin tagar. Ya ɗago hannu kamar zai dafa kanta, ya mayar.

"Saurare ni," ya ce. "In muka ɗora wa askirim laifi, Abba ya yarda, aka ba ni ke, to me zai biyo baya? Kowa zai ce ai ba daga ni ba ne. Ni ma da kaina, shekara ɗaya, shekara biyu, sai in fara mantawa. Wata rana in dawo a gajiye, in ce ai na wanke hannu, in miƙa miki kofin ruwa. Ba zan iya sake tsayawa a bakin ƙofar asibiti ina jin kina amai ba, Auta. Gara a san gaskiya, kowa ya sa mini ido."

"In ya ce a'a fa?"

"Ai ya riga ya ce. Ƙari kawai zai yi."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma." Ya ɗan yi murmushi, hawaye na gangaro masa. "Kuma ki duba, duk garin nan iri biyar ne kawai za ki iya sha. In muka yi wa wannan sharri, saura huɗu. Sauran huɗun kuwa na ɗanɗana, ba su kai shi ba."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kukan. Ta goge fuska da gefen mayafi.

"Ummanka fa? Ta sauko?"

Fuskarsa ta canza. "Jiya ma mun yi magana. Na ce mata zan gina wurin wanka a bayan gidan burodi, kayan aiki su tsaya can, kuma ba za mu zauna a saman shagon ba kamar yadda suka zauna da Baba. Ta ce wato matata ba za ta ci abin hannunta ba, ba za ta kwana a ɗakin da ta haife ni ba. Ta yi kuka. Ba ta ce eh ba, ba ta kuma ce a'a ba."

"Ka ga? Can kuka, nan kuka."

"Zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Yau na Abba ne."

Motar Likita na ƙofar gida lokacin da suka iso, wannan karon da Farin Gira a kujerar baya. Yaya ta kashe mota ta yi ajiyar zuciya.

"Ni dai in Abba ya tambaya, a hanya muka tsince ka."

"A'a, Yaya. Zan ce ni na roƙe ki."

"Kai dai ba a iya taimakonka."

Sallamarsa ce ta sa Abba ya ɗago daga teburin. Likita na zaune a kujerar baƙi da kofin ruwa a gabansa, sabuwar takarda a kan gwiwarsa. Ya dubi mai shigowa, ya dubi Auta, ya gyara zaman tabaransa.

Farin Gira bai wuce bakin ƙofa ba. A nan ya durƙusa ya gaida Abba, ya gaida Likita.

"Na ɗauka na aika maka da saƙo," in ji Abba.

"Ya iso ni, Abba. Ba zuwa na yi in ja da shi ba. Magana ce na ga bai kamata ka ji ta a bakin wani ba."

Ya ba da labarin kamfanin, da lambar, da gwaji biyun. Ya miƙa wa Yaya wayar ta kai wa Abba. Abba ya sa gilashinsa na ido ɗaya ya bi takardun layi layi, sannan ya miƙa wa Likita. Likita ya karanta ya gyaɗa kai.

"Gwajin ya yi daidai. Babu komai a ciki."

Abba ya ajiye gilashin. "To kai ka san abin da wannan takarda take nufi?"

"Na sani. Daga hannuna ne. Ɓarin cakulan ya faɗo, na ɗauka da yatsuna na ba ta, kuma daga wurin aiki na taho."

Abba ya juya a hankali ya dubi Auta. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Abba, ka yafe mini," ta ce. "Na ce maka bai taɓa ba."

Abba ya mayar da ido kan saurayin.

"Wa ya sa ka bin kamfanin?"

"Ba kowa."

"Da ka ji sakamakon, wa ya san da shi?"

"Mu uku."

"Kana iya yin shiru ke nan."

"Ina iyawa, Abba. Amma da na yi shiru, da za ka hana ta abin da ba ya cutar da ita, ka bar abin da ya cutar da ita yana yawo."

Agogunan da ke rataye a bangon falon suka ci gaba da bugawa, kowanne da nasa takun. Abba ya daɗe yana murza goshinsa. Can ya juya ga Likita.

"Ɗana, zan tambaye ka a matsayinka na likita, ba a matsayin mai nema ba. Mai irin ciwon nan za ta iya zama da mai irin sana'ar nan?"

Likita ya dubi takardar da ke gwiwarsa. Ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa.

"Ana yi, Abba," ya ce. "Ina da masu zuwa wurina da mazajensu ke aikin fulawa. In ya yi wanka a wurin aiki, ya sake kaya, aka raba gida da shago, ana zama lafiya." Ya ɗago ya kalli Farin Gira ido cikin ido. "Amma ba ranar hutu. Ba gajiya, ba sauri. Kuma ni ban janye ba, ka sani."

"Na sani, Likita. Na gode da ka faɗi gaskiya."

"Ba don kai na faɗa ba."

Abba ya miƙe. Ya ɗauki ɗan buroshin da yake wanke ƙarafan agogo da shi, ya nufi ƙofar baya.

"Taso," ya ce wa Farin Gira. "Kada ka taɓa mini labule."

A bayan kicin akwai famfo da kwamin wanke hannu a ƙarƙashin rumfa. Auta da Yaya suka tsaya a bakin ƙofa suna leƙe. Abba ya sa shi ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ajiye masa wayarsa a kan taga.

"Ciro agogon hannun nan naka."

Ya ciro. Abba ya karɓa da yatsa biyu, ya juya shi, ya lanƙwasa maɗaurin ƙarfen a cikin hasken rana. Ya sa bakin buroshi tsakanin gaɓoɓin ya kankaro. Wani farin abu busasshe ya zubo a kan simintin.

"Ka yi wanka yau?"

"Sau biyu, Abba."

"Da sabuwar riga. Ka kuma ɗauko wannan ka ɗaura." Abba ya girgiza kai. "Shekara nawa kana kwaɓi da shi a hannu? Abin da ke cikin nan ya isa a yi wa mutum biyu burodi."

Farin Gira ya tsaya yana kallon farin garin, bakinsa a buɗe. Yaya ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Wannan zai kwana a wurina, sai na warware shi gaba ɗaya," in ji Abba, ya jefa agogon a wani gwangwani. "Miƙo hannu. Ba haka ake wankewa ba. Daga farce ake farawa."

Ya kama hannun saurayin da kansa, ya shafa sabulu, ya bi ƙarƙashin kowane farce da buroshi, ya bi tsakanin yatsu, ya bi wuyan hannu inda maɗaurin ya bar shaida. Yana yi yana magana ba tare da ya ɗago ba.

"Ban ce na ba ka ba. Ka ji ni da kyau. Asabar tana nan, kuma mahaifin Likita aminina ne tun kafin a haife ku. Abin da zan gaya masa ban san shi ba tukuna."

"Na ji, Abba."

"Yarinyar nan a hannuna ta kusa mutuwa. Ina ɗaukarta kamar tsumma. Kai ba ka gani ba."

"Ban gani ba."

"Ɗauraye. Sake."

Ya ɗauraye, ya sake. Auta ta jingina da ƙofa, hawaye na zubo mata, ba ta ko share su ba. Abba ya waigo ya gan ta.

"Ke kuma ni da ke akwai zama a kan ƙarya. Amma ba yau ba." Ya juya ga Yaya. "Askirim ɗin da aka wahalar da mutane a kansa, akwai shi a kusa?"

"Yana mota, Abba," in ji Yaya da sauri. "Kwali guda, cikin ƙanƙara."

"Ɗauko. Ke za ki ɓare mata. Ki kai wa Likita ɗaya, ki kawo mini ɗaya in ji abin da ya sa 'yata ta yi mini ƙarya."

Yaya ba ta kai ga juyawa ba wayar da ke kan taga ta fara ruri. Farin Gira ya leƙa, hannuwansa duk kumfa, sai fuskarsa ta sauya.

"Umma ce," ya ce a hankali. "Ban gaya mata nan zan zo ba."

Ya fara neman inda zai goge hannu.

"Ba ka gama ba," in ji Abba. "Saura na hagu."

Abba ya share hannunsa a jikin rigarsa, ya ɗauki wayar, ya dube ta tana ta ƙara. Ya dubi Auta. Sannan ya danna ya kai kunne.

"Salamu alaikum. A'a, ba shi ba ne, yana wanke hannu. Ni ne mahaifin yarinyar. In kina da lokaci, ina ganin ni da ke muna da magana."